Sanarwar Bayan Taron Ƙungiyar Magidanta da Masu Shaguna kan Tsaron Gidaje da Wuraren Sana'a

Ƙungiyar magidanta da masu shaguna ta wannan unguwa tamu da ke cikin birnin Kano ta gudanar da taro na musamman ranar Asabar ɗin da ta gabata, daga hantsi zuwa sallar Azahar, a harabar makarantar firamare ta unguwa. Mai Unguwa ne ya kasance uban taro, Malam Liman kuma ya buɗe da addu'a. Masu tireda da teloli da masu POS da masu cajin waya da masu sayar da gas da masu injin markaɗe da masu shayi duk sun halarta, haka ma wakilan iyaye mata da shugabannin 'yan sintiri. Taro ya amfana ƙwarai da wasu 'yan unguwa huɗu da suka ba da iliminsu kyauta: dattijon da ya yi ritaya daga aikin kashe gobara, da wani tsohon ɗan sanda, da ma'aikaciyar jinya, da mai aikin wutar lantarki.

Sata ce ta sa aka kira taron. A 'yan watannin nan an fasa shaguna a bakin titi, an ƙwace wayoyi a lungunan da ba su da fitila, mutane kuwa sun zo da zafinsu, kowa da shawarar ƙarin kwado da ƙarin ƙofar ƙarfe. Taro bai raina wannan damuwa ba. Amma da aka tambayi mahalarta wace asara ce suka san ta taɓa tsayar da kasuwancin mutum cak, amsar da ta riƙa dawowa ita ce gobara. Ɓarawo yana ɗaukar abin da hannunsa zai iya ɗauka, ya bar maka gini da ragowar kaya. Wuta ko littafin bashi ba ta bari. Daga nan aka lura da abin da ya fi tayar mana da hankali, wato yawancin abin da muke yi don hana ɓarawo shiga shi ne zai hana iyalanmu fita, ya kuma hana masu agaji isowa, ranar da wuta ta tashi. Saboda haka taro ya amince cewa duk matakin tsaron da za a ɗauka daga yau sai an auna shi da tambayoyi biyu a tare: zai tare ɓarawo? Zai bar mutum ya tsira da ransa?

Gobara

Ba mu buƙatar wanda zai ba mu labarin gobara. A watan Fabrairun 2016 kasuwar Singa ta ƙone, a watan Maris na shekarar kuma kasuwar Sabon Gari ta kama cikin dare, dubban shaguna suka zama toka. A 2021 babbar kasuwar Sakkwato da ta Katsina suka bi sahu, wata biyu tsakani. Ranar Babbar Sallah ta 2025, lokacin da jama'a ke hidimar layya, kasuwar waya ta Farm Centre ta kama. A cikinmu akwai waɗanda jarinsu ya tafi a wasu daga cikin waɗannan gobarar, kuma su ne suka fi kowa dagewa a kan wannan batu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Taro ya lura cewa irin wannan wuta ta fi tashi lokacin da babu kowa a wurin, kuma sau da yawa daga lantarki take farowa. An ɗauke wuta da rana, mai shago ya manta dutsen guga ko hita ko fanka a kunne, ya kulle ya tafi gida, ƙarfe biyun dare a kawo wuta. Don haka aka yanke cewa kowane shago ya sa babban makunni guda ɗaya a kusa da ƙofa, wanda zai katse wutar shagon gaba ɗaya, kuma kashe shi ya zama aiki na ƙarshe kafin a sa kwado. Masu firji da ba za su iya kashewa ba su ja masa layinsa daban, da abin katse wuta nasa, kada ya yi tarayya da komai.

Kafin taro, wani kwamiti ya zaga wasu shaguna da yardar masu su. A wani shagon da aka janye firji daga bango, sai ga soket ya yi baƙi, robarsa ta narke ta lanƙwashe, kwalayen taliya kuma an jera su har sun kusa taɓa ƙwan fitila. Mai shagon ya ce ya daɗe yana jin ƙaurin roba da yamma, yana zaton daga bolar waje ne. Ba mu kawo wannan don a kunyata kowa ba, domin kusan duk inda aka shiga an ga makamancinsa. Mai aikin wuta ya bayyana cewa waya mai kaurin milimita 1.5 ta fitilu ce, soket yana buƙatar 2.5, na'urar sanyaya ɗaki da babbar hita kuwa 4 ko sama da haka. In aka ɗora kaya masu jan wuta a kan siririyar waya, za ta yi ta zafi a cikin silin inda ido ba ya gani, har ranar da za ta kama. Ya ja kunne a kan wayar da aka shafa wa jan launi alhali cikinta ba tagulla ba ce, da kuma ɗabi'ar nan ta ɗaure fis da guntun waya idan ya ƙone. Fis an yi shi ne don ya ƙone a madadin gidan, wanda ya ɗaure shi ya cire wa kansa kariya da hannunsa.

Masu cajin waya da masu sola sun samu kulawa ta musamman, don yanzu da wuya ka wuce shaguna biyar ba ka ga faranti a kan rufi ba. Batir yana son iska, ba ya son zafi, kuma ba a jibga masa kaya. Duk batirin waya ko na ajiyar caji da ya kumbura a raba shi da sauran nan take. Kada a bar allon caji a kunne a kulle shago a tafi.

A kan gas, wata mai sayar da abinci ta kawo tukunyarta gaban taro aka gwada. Aka kaɗa ruwan sabulu a kofi, aka shafa a bakin tukunyar da mahaɗar tiyo, aka buɗe. Nan da nan kumfa ta fara tasowa ƙanana-ƙanana daga inda tiyon ya tsage, tsagar da ido bai gan ta ba. Wannan gwaji ba ya cin ko kwabo, kuma taro ya buƙaci kowane gida ya riƙa yin sa duk lokacin da aka dawo da tukunya daga ɗuri. Ba a gwada yoyon gas da ashana. Dattijon da ya yi aikin kashe gobara ya bayyana cewa gas ɗin girki ya fi iska nauyi, saboda haka in ya tsiyaye ƙasa yake kwantawa, ya taru a kicin ko ya bi ƙarƙashin ƙofa. Wanda ya shiga ya ji warinsa kada ya taɓa makunnin fitila, ko kunnawa ko kashewa, kada ya ƙyasta komai. Ya rufe kan tukunya, ya buɗe ƙofa da tagogi, ya fitar da yara. Tukunyar da ta yi tsatsa a gindi ko ta lotse a daina amfani da ita. An roƙi masu sayar da gas su ƙi ɗura wa irin wannan tukunya ko da mai ita zai yi fushi, su kuma nisanci masu shayi da masu suya da masu walda. Sun karɓi wannan a gaban jama'a, taro kuma ya yaba musu.

Batun fetur ya jawo muhawara mai zafi. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, mutane suka koma saye su ajiye duk lokacin da aka ji raɗe-raɗin ƙarin farashi, har ka tarar da jarka a ƙarƙashin gado ko a bayan ƙofar kicin. Taro ya haramta wa mambobinsa ajiye fetur a ɗakin kwana ko kicin ko cikin shagon da ake kulle kaya, da kuma zuba wa janareta mai yana aiki ko yana da zafi. Game da matasanmu 'yan bumburutu, an kasa cimma matsaya guda. Wasu sun nemi a tashe su daga layin shaguna baki ɗaya, wasu suka ce abincinsu ke nan, ba a raba mutum da sana'arsa ba tare da an nuna masa wata ba. An ɗora wa Mai Unguwa da dattawa uku nauyin zama da su don a samo musu wuri a fili, nesa da wuta da wayoyin lantarki, su kawo rahoto a taro na gaba. Abin da kowa ya yarda da shi ba musu shi ne a gargaɗi yaranmu da babbar murya: in tankar mai ta faɗi, gudu ake yi, ba a zuwa da bokiti. Abin da ya faru a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, a watan Oktoban 2024, inda sama da mutum 150 suka rasu, bai kamata ya fita daga zukatanmu ba. Allah Ya jiƙansu.

Ga hunturu yana ƙaratowa, iska ta bushe, komai na jiran tartsatsi. Iyaye mata sun yi magana a kan kaskon turaren wuta da ake turawa ƙarƙashin kaya a fita, da maganin sauro mai hayaƙi da ake ajiyewa a gefen katifa, da kyandir a kan talabijin. Ma'aikaciyar jinya ta ƙara da haɗarin da ba a gani. Garwashin da ake shiga da shi ɗaki don jin ɗumi a rufe ƙofa da taga, da janaretan da ake kunnawa a soro ko a barandar da ke rufe don gudun kada a sace shi, duka suna fitar da wata iskar guba da ba ta da launi, ba ta da wari. Tana farawa da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, mai barci kuwa ba ya farkawa. In mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai a lokaci guda, a fitar da su iska a kai su asibiti. Wanda ke tsoron a sace masa janareta ya yi masa keji na ƙarfe a tsakar gida, nesa da taga. Malam Liman ya tunatar da cewa kashe wuta kafin kwanciya barci umarni ne da ya tabbata daga Manzon Allah (SAW), ya kuma yi alkawarin maimaita wannan a masallaci har hunturu ya wuce.

Kowane shago zai mallaki tukunyar kashe gobara mai hoda, a rataye ta kusa da ƙofa inda hannu zai kai, a riƙa duba allurarta tana kan kore. Wanda bai samu hali ba tukuna ya ajiye bokitin yashi. Wutar lantarki da ta fetur da ta man suya ba a zuba musu ruwa. In kaskon mai ya kama, a kashe murhu, a rufe shi da murfi ko jiƙaƙƙen buhu. Wanda ya ƙone kuma a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi na tsawon minti 20, a cire zobe ko agogo kafin wurin ya kumbura, a rufe da tsumma mai tsabta. Man goge baki da ɗanyen ƙwai da manja da ake shafawa ba sa magani, ƙara wa ma'aikatan asibiti aiki suke yi.

Ƙofa da taga da bakin lungu

A nan ne tambayoyin nan biyu suka fi karo da juna. Kusan kowane gida a unguwar nan tagoginsa a toshe suke da ƙarfe, ƙofar waje guda ɗaya ce, makullinta kuma yana aljihun maigida, wanda wataƙila yana kasuwa ko ya yi tafiya. In wuta ta tashi daga soro ko kicin, iyali ba su da ta inda za su bi. Taro ya yanke cewa a kowane gida a mayar da ƙarfen taga ɗaya aƙalla ya zama mai buɗewa daga ciki, makullinsa a rataye a wurin da uwargida da manyan yara suka sani, wanda hannu daga waje ba zai kai ba. Masu walda na unguwa sun yi alkawarin rangwame ga duk wanda ya kawo wannan aiki kafin ƙarshen wata. Taro ya kuma yi kakkausar magana a kan kulle yara a ɗaki a tafi unguwa, da kulle yaron shago daga waje ya kwana a ciki a matsayin gadi. Duk mamban da aka samu yana yin na biyun, ƙungiya za ta kira shi gaban dattawa.

Shawarar sa ƙofar ƙarfe a bakin kowane lungu ta samu goyon baya, amma da sharuɗɗa. Faɗinta ya isa motar kashe gobara ta shige. Makullinta ya kasance a hannun mai gadin da ke wurin da kuma gidaje biyu mafi kusa, don mai naƙuda ko mara lafiya kada ya tsaya neman mai makulli cikin dare. Masu rumfuna da teburan da suka ci hanya an ba su mako biyu su ja baya. Mun sha ganin motar kwana-kwana ta iso bakin titi ta tsaya, ana kallon hayaƙi, babu hanyar shiga.

Sata da 'yan sintiri

Tsohon ɗan sandan da ke cikinmu ya ce yawancin fasa shagon da ya gani a aikinsa, wanda ya yi ya san wurin: ya san ranar da ake kawo kaya, ya san inda ake ajiye ciniki, ya san lokacin da mai gadi ke gyangyaɗi. Don haka kada a kwana da kuɗi a shago, kada a ƙirga ciniki a bainar jama'a, a riƙa sauya lokaci da hanyar kai kuɗi banki. A duba rufi da silin da bangon baya, don ɓarawon yanzu ba ya wahalar da kansa da kwadon gaba. Kowane mai shago ya sa fitila mai sola a ƙofarsa, magidanta kuma su yi karo-karo su haskaka lungunansu. Masu halin sa kyamara su ɓoye na'urar da ke adana hoton a wani wuri daban, in ba haka ba da ita za a tafi.

Duk wanda zai ɗauki yaron shago ko mai gadi ko 'yar aiki, ya san iyayensa ko wanda zai tsaya masa. Masu gidajen haya da dillalai su gabatar da sabon ɗan haya ga Mai Unguwa kafin ya tare. Taro ya jaddada cewa wannan ƙa'ida ta hau kan kowa, ɗan gari da baƙo, kuma ba za a yarda a mayar da ita hanyar tsangwamar wata ƙabila ko masu wata sana'a ba.

'Yan sintirinmu suna kwana a waje muna barci, kuma sau da yawa haƙƙinsu ba ya fita a kan lokaci. Wannan abin kunya ne a gare mu. Za a buɗe littafi, a riƙa ba da rasit, a karanta lissafi a kowane taro. Za a saya musu tocila da usur da rigunan sanyi. A nasu ɓangaren, an yi musu iyaka a fili: wanda aka kama a miƙa shi ga 'yan sanda da lafiyarsa, babu duka, babu ɗauri a ofis har gari ya waye. Ihun "ɓarawo" ya sha cin ran wanda bai ji ba bai gani ba. Mu da muka yi kukan mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, suna kan hanyarsu ta dawowa gida Kano, bai dace a ce a lungunmu an ɗauki doka a hannu ba.

Ga wanda 'yan ƙwace suka tare da makami, shawarar taro ita ce ya ba da wayar. Ana sayen wata. Tun yanzu kowa ya danna *#06# ya rubuta lambar da ta fito ya ajiye a gida, ya sa wa layinsa lambar sirri, ya kuma tambayi bankinsa lambar da ake dannawa a rufe asusu daga kowace waya. In an ƙwace waya, rufe asusu ne farko, sannan layi, sannan rahoto ga 'yan sanda. An kuma tunatar da jama'a cewa tun 2017 akwai dokar tarayya da ta wajabta wa asibitoci karɓar wanda aka harba su fara yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba.

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ciniki ya koma taransfa, mazambata kuma suka biyo shi. Saƙon da mai saye ya nuna maka a wayarsa ba shaida ba ce, haka ma saƙon da ya shigo taka wayar. Ka buɗe asusunka ka ga kuɗin sun zauna kafin kaya su bar shago, ko da layi ya yi tsawo. Babu bankin da zai kira ka ya nemi lambar sirrin katinka ko lambar da aka turo maka yanzu. Masu POS su rage tsabar kuɗin da suke riƙewa, su tashi kafin duhu. An ba da shawarar a riƙa ɗaukar hoton littafin bashi da rasit ɗin kaya da takardun shago a ajiye a wani wuri. Wasu mambobi sun nemi bayani a kan inshorar Musulunci ta takaful, kuma an amince a gayyato masani tare da malami su yi bayani a zama na gaba kafin kowa ya sa hannu a wani abu.

Ban da gobara da sata, iyaye mata sun nemi a rubuta batun rijiyoyi da ramukan masai da ke buɗe, da kududdufin bayan unguwa inda yara ke wanka. Kowace rijiya a yi mata murfi mai kwado cikin mako biyu. Makarantun boko da na Islamiyya kuma kada su miƙa yaro ga wanda iyaye ba su gabatar ba, ko da yaron ya san shi.

Kira da ayyukan da aka raba

Taro yana kira ga gwamnatin jiha da ta ƙara wa hukumar kashe gobara motoci da ma'aikata da wuraren ɗiban ruwa a kusa da kasuwanni. Yana roƙon ƙaramar hukuma ta gyara fitilun titi, rundunar 'yan sanda kuma ta ƙara sintiri tsakanin Magariba da Isha da kuma bayan Asuba, lokutan da aka fi ƙwacen waya. Lambar neman agajin gaggawa ta ƙasa ita ce 112. Sakatare zai karɓo lambobin ofishin kashe gobara da na 'yan sanda mafi kusa, a buga su a liƙa a masallatai da bakin kowane lungu. A kira su tun wuta tana ƙarama, kada a bari sai an gaji da bokiti.

An kafa kwamitin mutum bakwai, biyu daga cikinsu mata, da zai zaga shaguna da gidajen da suka ba da izini don duba wayoyin wuta da tukwanen gas da hanyar fita. Mata ne za su shiga cikin gidaje. Za a yi gwajin amfani da tukunyar kashe gobara a filin makaranta ranar Asabar mai zuwa bayan La'asar, kuma ana son kowane mai shago ya zo da yaransa, tunda su ne ke wurin in abu ya faru. Adadin kuɗin sintiri na wata da batun 'yan bumburutu an ɗage su zuwa taro na gaba, wanda za a yi a farkon wata mai kamawa.

Ƙungiya tana godiya ga Mai Unguwa da Malam Liman da hukumar makarantar da ta ba mu wuri, da duk wanda ya rufe shagonsa ya zo. Tana jajanta wa 'yan'uwan da aka yi wa sata, Allah Ya mayar musu da alheri. An rufe taro da addu'a.

Sa hannu:
Shugaban Ƙungiya
Sakataren Ƙungiya